Wuƙa ba tambari, kuɗin ƙarfe kawai ake biya

Duk wanda ya ga wuƙata a sitatus ɗin WhatsApp, tambaya ɗaya yake fara yi: nawa? In na faɗa sai a yi shiru, can sai saƙo ya shigo: "Haba Malam, ta zinare ce?" Ba na jin haushi. Mutumin da ya saba shiga kasuwar Sabon Gari ya ɗauki wuƙa a tiren ɗan koli da canjin da ya rage masa na cefane, in ka ce masa kuɗin taka ɗaya zai sayi irin waccan goma har da ɗoriya, dole ya riƙe baki. Abin da ya sa wata ke dakushewa kafin a gama feɗe rago ɗaya, wata kuma ta wuce raguna uku ba a kai ta dutse ba, ba ya fitowa a hoto.

Ni ba ɗan maƙera ba ne. Gidanmu allo da awon hatsi aka sani. Ma'aikaci ne ni, Litinin zuwa Juma'a ina bakin aiki, Asabar da Lahadi kuma ina wata 'yar rumfar kwano da na kafa a bayan gida nan Tudun Jukun a Zariya, inda maƙwabta suka riga suka saba da ƙarar guduma da hantsi. Da girmana sha'awar ta kama ni. Wanda ya koya mini riƙon masaba wani dattijo ne a cikin birni, in ka shiga ta Ƙofar Doka, wanda ya gaji ƙira kaka da kakanni. Baba kowa ke ce masa. Ranar da na fara zuwa da takalmi sau-ciki da waya cike da bidiyon maƙeran Turai, kallona ya yi sama da ƙasa ya ce, "Malam, ƙira gado ce. Amma tunda ka zo, zauna ka yi mana zuga." Na daɗe ina zuga kafin ya bar ni na taɓa awartaki.

Wuƙa daga zaɓen ƙarfe take farawa. Rodi da falanki da guntayen da masu walda ke zubarwa za su ɗauki siffa, su yi ƙyalli in an goge, amma yawancinsu ba su da isasshen kabon, kuma kabon ne ke sa ƙarfe ya yi tauri in an tsoma shi da zafinsa. Abin da muke nema a wurin 'yan gwangwan shi ne sifirin mota, falle-fallen nan da ke ƙarƙashin a-kori-kura da tsofaffin manyan motoci. Ƙarfen da aka fi yin sifirin da shi, wanda a Amurka suke wa lamba 5160, yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari da ɗan sinadarin kuromiyam, ga juriya, ba ya saurin karyewa. Maƙeran Nefal ma da sifirin manyan motoci suke ƙera kukri, lanƙwasasshiyar wuƙar nan ta sojojin Gurka. Sai dai ba kowane sifirin ne 5160 ba, kuma mai gwangwan a kilo yake sayar maka, ba ruwansa da lamba. Don haka kowane falle na kawo gida sai na yanki ɗan guntu, na gasa shi ya yi ja, na jefa a ruwa, na ɗora a uwar maƙera na buga. In ya karye ƙas, cikinsa ya fito toka-toka sumul, an dace. In ya lanƙwashe, ya zama ƙugiyar rataye kaya.

Sifirin da ya yi shekaru yana ɗauko masara daga Giwa da Soba a kan irin hanyoyinmu ya gaji. Akwai tsagar da ido ba ya gani a cikinsa, sai an gama wahala ta bayyana. Ba na sayen fallen da ya riga ya karye, kuma ina guje wa kewayen hujin tsakiya. In hanya ta kai ni Kaduna nakan leƙa Panteka in nemo zoben babban boris. Shi kabon ɗinsa ya kai wajen kashi 1 cikin ɗari, ga taurin kai a ƙarƙashin guduma, sai ka jiƙe sharkaf kafin ya miƙe, amma kaifin da yake riƙewa sifirin bai kamo ƙafarsa ba.

Masu bidiyon ƙetare za su ce ka nemi guntun layin dogo ka yi uwar maƙera da shi. Kada ka soma. Zariya mahaɗar jirgin ƙasa ce, kuma duk wanda aka gani da guntun dogo a gidansa sai ya je ya yi bayani a inda ba zai so ba. Tawa kan wata ƙatuwar guduma ce da na dasa a kututturen tsamiya, ta ishe ni.

Shi kansa jirgin ƙasan yana cikin abin da ya juya ƙira a ƙasar nan. Kafin dogo ya ratso ta Zariya ya isa Kano a 1911, tama ake haƙowa a narka. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono tsofaffin wuraren narka tama a nan Samaru, can kudu kuma a Taruga an samu na mutanen Nok da suka haura shekara 2,000. Da ƙarfen Turai da tarkacen inji suka cika kasuwa sai narkar tama ta mutu, maƙeri ya koma sayen abin da wani ya yar. Baba bai taɓa ganin an narka tama da idonsa ba, a bakin kakansa ya ji labari.

Gawayi kuwa na ƙirya ne sarki: ga nauyi, ga zafi, ba ya saurin cinyewa. Yanzu ya yi wuya, masu sayarwa sukan zuba shi a bakin buhu su cika ƙasan da tarkace. Baba har gobe da zugazugin fatar akuya yake aiki. Ni 'yar fankar tsohuwar mota na haɗa da batir, don wutar lantarki ba abin dogaro ba ce.

Bugun ƙarfen shi ne abin da 'yan kallo ke so, tartsatsi na tashi, yara sun yi cirko-cirko a bakin rumfa. A wurina shi ne mai sauƙin. Inda wuƙa ke zama wuƙa ko ta lalace 'yan mintoci ne, kuma ba mai tsayawa kallonsu.

Nakan jira la'asar sakaliya, lokacin da cikin rumfa ya yi duhu-duhu, don a hasken rana ido ba ya karanta launin ƙarfe. Wanda kake gani ja-ja ya riga ya wuce inda kake so. Kafin nan na gama fitar da siffa da magagari, amma na bar bakin da kauri kamar milimita 1, domin siririn baki wuta cinye shi take yi ko ya murɗe. Sai in gasa ruwan wuƙar in bar shi ya huce a iska har sau uku, don ƙarfen ya saki wahalar da guduma ta ba shi. A gefe akwai dogon gwangwani cike da man gyaɗa, na riga na jefa jan guntun ƙarfe a ciki ya ɗumama shi, saboda mai ɗumi ya fi tsinkewa, ya fi saurin janye zafi. Baƙin man mota ma yana yi, amma hayaƙinsa guba ne, ban ga dalilin shaƙarsa ba.

A jikin ginshiƙin rumfar na ɗaure maganaɗisun wata tsohuwar sifika. Ƙarfe in ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyos maganaɗisu ya daina kama shi. Ina juya wuƙar a cikin garwashi, gadon bayanta a ƙasa, tsininta a wajen tsakiyar wuta don shi ke fara ƙonewa. In ciro, in taɓa maganaɗisu, ya kama, in mayar. In sake cirowa, ya kama kaɗan. Karo na gaba sai ta zame a jikinsa kamar ba ƙarfe ba. To ba a nan ake tsomawa ba, sai an ƙara mata kaɗan, wajen digiri 830 in sifirin ne, launin ya daidaita daga gindi har tsini ba inuwa ko ɗaya. Daga wuta zuwa mai kada ya wuce daƙiƙa biyu. Tsini ke fara shiga, a miƙe. Man yakan kama da wuta a saman gwangwanin, kada ka firgita ka saki awartaki. Ana motsa ta gaba da baya, ta fuskar da take yanka. In ka kaɗa ta gefe da gefe za ta fito a karkace. Sai hayaƙi ya lafa, ƙaurin tuya ya cika rumfa, ka ciro ta baƙa ƙirin. Ka goge bakin da tsumma, ka ɗauko magagari ka ja a kai. In ya ciza, aiki bai yi ba. In ya zame yana wani siririn ƙara, bai bar ko alama ba, a nan nake sauke numfashi.

Amma a wannan halin in ta faɗi a siminti tarwatsewa za ta yi. Sai an sassauta mata taurin, kuma a daren ake yi, ba a bari sai gobe. Ni obin ɗin uwargida nake aro, digiri 200, awa ɗaya, a bari ta huce, a sake awa ɗaya. Sharaɗinta guda ne, in wanke man tas tukuna, don ta ce ba za ta gasa wa yara kek mai ƙaurin maƙera ba. Baba ba shi da obin. Yakan goge gefen wuƙar ya yi fari, ya ɗora gadon bayanta a kan jan ƙarfen da ya ciro daga wuta, ya zuba ido. Launi na tafiya daga baya zuwa baki: fari ya koma ruwan zuma, ya koma ruwan ƙasa, ya koma shunayya, ya koma shuɗi. Da ruwan zuma ya taɓa bakin sai ya tsoma ta a ruwa ya tsayar da shi. Shuɗin nan wajen digiri 300 ne, ya dace da adda da za ta sha sara, amma ya yi wa wuƙar yanka laushi. Manyan kamfanoni suna da na'urar auna tauri, za ka ga sun rubuta 58 ko 60 a ma'aunin Rockwell. Ni ba ni da ita, don haka ba na rubuta wa kowa lamba. Gwajina magagari ne, da tsohuwar igiyar rama, da gashin dantsena na hagu, wanda rabonsa da tsiro sosai an kwana biyu.

Da na ga Baba ya iya wannan duka, har ya fi ni da ido kawai, sai na tambaye shi me ya sa wuƙaƙen da yake kai wa 'yan koli suke da laushi. Bai ɗago daga abin da yake bugawa ba. "Malam, matar da za ta saya a bakin turmi ko a dandamalin siminti za ta wasa ta. In na yi mata irin taka, dutsen gidanta ba zai ci ta ba, gobe ta ce Baba ya sayar mata da wuƙar da ba ta wasuwa. Kuma ɗan koli dozin yake saye, kuɗin da yake ba ni bai kai in ƙona gawayi sau biyu ba." Ban da abin cewa. Masu zagin maƙeran gargajiya da rashin ilimi su je su zauna a rumfar mutum ɗaya daga safe zuwa azahar tukuna. Abin da aka biya shi ake ƙerawa.

Mariƙi da kanya nake yi, ko maɗaci, ko ƙahon sa da nake karɓowa wurin mahauta. Itacen sai ya shekara a rataye a rumfa, in ba haka ba hunturun Zariya zai tsaga shi cikin mako guda. Ƙusoshin tagulla biyu ko uku, da gam mai haɗi biyu irin Araldite. Masu tambayar hauren giwa ko ƙahon karkanda, wai sun ga irinsa a jambiyar Yaman, amsa ɗaya ce: haramtaccen kaya ne, ba na taɓawa. Kube kuma ba aikina ba ne, na baduku ne, kuma nakan faɗa wa mai saye cewa kashi mai kauri na kuɗin nasa ne. Fatar da aka jeme da bagaruwa nake sa ya yi amfani da ita, don wadda aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta tana jawo wa ƙarfe tsatsa. Garin da ke da cibiyar binciken fata ta ƙasa a Samaru bai kamata a ce ana sa wuƙa mai kyau a kuben leda ba. Ko da fata mai kyau, in damina ta sauka a cire wuƙar daga kube, a shafa mata mai a ajiye. Ƙarfe mai kabon yana tsatsa, kuma yana yin dishi-dishi in ya yanka albasa ko lemon tsami. Na gaji da yi wa Hajiyoyi bayanin cewa wannan dishin ba datti ba ne. Wanda ba ya tsatsa, irin wanda Harry Brearley ya fito da shi a Shafil ta Ingila a 1913, sai kuromiyam ɗinsa ya kai kashi 10.5 cikin ɗari, kuma gasa shi yana son murhun lantarki mai ma'auni, ba garwashin ƙirya ba.

Masu saye iri biyu ne. Akwai masu aiki da ita: mahauta, masu tsire, matan da suka gaji da wuƙar da ke murƙushe tumatir, da magidanta in Babbar Sallah ta ƙarato. Watan Zulƙida wayata ba ta hutawa. Kowa ya san hadisin da ya ce in za a yi yanka a kyautata, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, amma da yawa sai daren Arfa suke tuna cewa tasu ta shekara a kan katanga. Waɗannan ba su da wahalar sha'ani. Mahauci zai ja bakin a farcensa, ya yanki jijiya, ya biya ko ya ajiye.

Sai kuma masu tarawa, waɗanda ba za su taɓa yanka komai da ita ba. Ba su da yawa, amma akwai su: mahayan da ke son abin ɗamara na hawan Sallah da hawan Daushe, wasu malaman jami'a, da 'yan uwanmu mazauna ƙetare masu neman tsarabar da ba hula ko turare ba. A kansu na fara tunanin maganar tambari.

Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini wuƙar hannu ta kakansa, naɗe a tsohon rawani. Kuben jar fata ne da ratsin kore, ya bushe ya yi ƙanƙam, da zoben fatar da ake zura hannu a ciki ta kwanta a dantse ƙarƙashin riga. Mariƙin mai siffar gicciye, an lulluɓe shi da tagulla, gumin hannu ya cinye zanen da ke tsakiya ya bar na gefe. Ruwanta baki biyu, da siririn kwari a tsakiya wanda aka fitar da hannu, don in ka karkata ta a haske za ka ga inda hannun ya ɗan kauce. So yake in sa mata injin guga ta yi fari fat. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan baƙin da kake son a cire shi ne shekarunta. In na goge shi na goge rabin darajarta." Mai da tsumma kawai na sa mata. Na tambaye shi wa ya ƙera. A gidansu dai ana cewa fatake ne suka zo da ita daga Agadas. Na juya ta ciki da bai, babu ko ɗigo. Mutumin da ya yi wannan aiki gwani ne, kuma ya tafi da sunansa.

Abin haushin ma, ba wai maƙeran ƙasar nan ba su san tambari ba ne. In ka duba tsofaffin takubban da ake fitowa da su ranar hawa, da yawa za ka ga jinjirin wata biyu masu fuska a jikin ruwan. Asalin alamar ta maƙeran Turai ce, irin na Solingen a Jamus, waɗanda ruwan takubbansu ke ƙetaro Sahara. Da mutane suka ɗauke ta shaidar ƙarfe mai kyau, sai maƙeran gida suka riƙa buga ta a nasu. Wato sun yarda tambari na ƙara kuɗi, sai dai na wani suka buga. Haka wuƙar Okapi mai naɗewa da iyayenmu ke sawa a aljihu: a Solingen aka fara ta a 1902 don kasuwar Afirka, aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. Ƙarfenta ba wani abin a zo a gani ba ne, amma tana da suna a jiki, kuma da sunan ake tambayarta.

A Amurka abin ya zama tsari. Wani maƙeri, Bill Moran, shi ya dawo da ƙirar ƙarfe mai ninki-ninki da ake kira Damaskas a wani baje koli a 1973, kuma a 1976 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta ƙasar. Kafin su ba ka izinin buga harafinsu kusa da sunanka sai wuƙarka ta ci jarrabawa a gaban gwani: ta datse igiya mai kaurin inci 1 da ke reto da sara ɗaya, ta sare katako gida biyu har sau biyu, bayan haka ta aske gashi, sannan a matse ta a lanƙwasa ta digiri 90 ba ta karye ba. Ɗaya daga cikin gwanayensu, Bob Kramer, ya ƙera wa shahararren mai girkin nan, marigayi Anthony Bourdain, wuƙa, aka yi gwanjonta a 2019 a kan dala 231,250. Ba na yaudarar kaina, yawancin kuɗin nan sunan mamacin aka saya. Amma sunaye biyu ne a kan wuƙar, kuma ɗaya na maƙeri ne.

Kada a ce mini mutanenmu ba sa biyan aikin hannu. A garin nan ne mutum zai ba da babbar riga a yi masa aska takwas da allura, ya jira watanni, ya biya kuɗin da ya fi na shaddar, kuma in an yaba a wurin ɗaurin aure ya faɗi unguwa da gidan da aka yi ɗinkin. Maɗinki yana da suna. Maƙeri dozin ake ƙirga masa.

Don haka na yi wa kaina tambari. Guntun boris na gyara da ƙananan magagarai, harafin farko na sunana da ajami, nake buga shi a gindin ruwan wuƙa tun tana ja, kafin tsomawa. Kowace tana da lamba a wani littafi: irin ƙarfen, itacen mariƙi, watan da aka gama, wanda ya saya. Mai saye yana tafiya da 'yar takarda mai wannan bayanin. In sifirin ne, sifirin nake rubutawa. In ta dakushe a kawo in wasa kyauta, in ta karye a aikin da aka yi ta dominsa in sake wata. Tambari wuyan mutum yake ɗaurewa, don mai wuƙa ya san ƙofar da zai buga.

Wannan ne ya sa 'yan damfarar sana'ar ke ci mini rai. Damaskas na gaskiya ƙarfe iri biyu ne, misali mai lamba 1084 da mai lamba 15N20 mai ɗan nikel, a jera su falle-falle, a haɗe su da wuta, a ninka, a sake ninkawa, sannan a tsoma a ruwan asid zanen ya fito. Zanen yana ratsa ƙarfen gaba ɗaya, har gadon baya. Yawancin masu arahar da ke yawo a intanet zane ne aka ɗora a fuska. Duba bayanta za ka gan shi fari sumul, samfefa kuma tana share zanen ba ya dawowa. Wasu ninkin gaskiya ne amma da tarkacen da ba ya ɗaukar tauri. Ni ban fara Damaskas ba tukuna, garwashina da dantsena ba su kai ba, kuma duk wanda ya tambaya haka nake gaya masa. Akwai kuma masu binne sabuwar wuƙa a jiƙaƙƙiyar ƙasa da gishiri, su tono ta bayan 'yan makonni su ce ta zamanin Sarauniya Amina ce. Tsatsar jiya ja ce, tana kama yatsa. Ta shekara ɗari baƙa ce, ta zauna a jikin ƙarfen.

Ba kowa nake sayar wa ba. Da halin da ake ciki na ƙwacen waya da sara-suka, yaron da ya turo saƙo yana son mai baki biyu wadda za ta ɓuya a ƙugu, ba ya ko tambayar kuɗi, amsarsa "babu". In ban san mutum ba sai na ji aikin da zai yi da ita, kuma abin ɗamarar hawa sai ta hannun wanda na sani. Tambarina ne a jiki. Ba na son ranar da za a ajiye ta a tebur a ce wa ya ƙera wannan. Facebook da Instagram ma ba sa karɓar tallar makami, shi ya sa kullum za ka ga hoton wuƙata kusa da albasa da katakon yanka. Aikawa kuma ta tasha ce. Ina naɗe ta a kwali, in rubuta "wuƙar kicin" ɓaro-ɓaro da lambar wayata, in gaya wa direba abin da ke ciki tun kafin ya karɓa, don kada a tsayar da shi a hanya ya rasa bakin magana. Mai tafiya da ita ƙetare kuma ya sa a babbar jaka da ake aunawa, ba ta hannu ba.

Baba ne ya ba ni wahala a kan tambarin. Da na kawo masa maganar dariya ya yi. "Manoman Giwa ko a duhu suka shafa fartanya sun san tawa ce. Hannuna ne tambarina." Na ce, "Baba, wanda ke Abuja fa, da bai taɓa shafa fartanya ba?" Ya ce wanda ke Abuja ya sayi ta kanti. Sai da jikansa, wanda ke karatu a kwalejin kimiyya kuma yake taya shi bugu ranar hutu, ya sa baki, sannan ya yarda da ɗigo uku a jere, da wani tsohon abin huda ƙarfe da ya ce na mahaifinsa ne. Na roƙe shi ya yi mini wuƙaƙen fawa kaɗan irin yadda zai yi wa kansa, ba irin na ɗan koli ba. Baduku ya yi musu kube, na ɗora a sitatus na rubuta cewa aikin dattijon da ya koya mini ne, ga alamarsa. Kafin sallar isha'i an kama su duka.

Da na kai masa kuɗin ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya dube ni. "Malam, ka ji tsoron Allah. Kada ka cuci bayin Allah da sunana." Na rantse masa cewa kowa da yardarsa ya biya, har wani mai tsire a Kongo na tambaya ko akwai saura. Ya cusa kuɗin a aljihun 'yar shararsa, ya ce to jikan ya nemo masa irin maganaɗisun nan ya gani. Man gyaɗa dai har yanzu ya ƙi. Ya ce na tuya ne, shi ruwa ya gada.